Kirik da Guntun Katako

Ƴan uwana ɗalibai, in muka je tasha za mu tafi hutu gida, tambayoyinmu sanannu ne. Nawa ne kuɗin mota? Saura mutum nawa ta cika? An kama wurin gaba? Wani har ya leƙa ya ga ko akwai inda zai cusa wayarsa ta sha wuta. Ban taɓa jin fasinja ya tambayi direba ko yana da kirik ba, balle ya ce a fito da shi a gani. Alhali daga Yamai zuwa Maradi tafiyar sama da kilomita 600 ce, zuwa Damagaram kuwa kusan 900, kuma duk tsawon hanyar nan tayoyi huɗu ne ke ɗauke da mu, cikin zafin da kan wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Taya ba ta shawara da kowa kafin ta fashe. In ta fashe, wannan guntun ƙarfen da ke kwance ƙarƙashin kujera cikin tsumma da ƙura, shi zai yanke ko tsayuwar minti ashirin za a yi, ko kwana bakin hanya, ko kuma a kwashi wani zuwa asibiti.

Kirik muke ce masa, sunan da muka aro daga Faransanci. Waɗanda suka saba bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya su ce jak. A Maradi duk wanda ka faɗa za a gane ka. Aikinsa ɗaya ne: ya ɗaga gefen mota har a cire tayar da ta lalace a sa ta ajiya.

Ni ba a littafi na fara sanin sa ba. Tun ina kwaleji, kowane babban hutu nakan bi motar Kawuna, Hiace ce irin mai ɗaukar mutum goma sha tara. Hanyar Dakoro yake bi, ta Sabon Mashi da Kornaka, ranar kasuwa kuma mu saki kwalta mu shiga ƙauyuka. Ni ne mai ɗaure kaya, ni ne mai karɓar kuɗi, ni ne mai sa weji in an tsaya a gangare. Abokan aji sun sha tsokanata da sunan karen mota, ni kuwa da kuɗin nan nake sayen kaye da biro duk shekara. A hanyoyin nan taya takan mutu ta hanyoyi da yawa: ƙayar aduwa, ƙusar da ta faɗo daga amalanke, bakin kwalta da ya zaizaye ya yi kaifi, ko kuma zafi da lodi su haɗu su fasa ta kamar an harba bindiga. Akwai satin da muka canza taya sau huɗu.

Shekarar da na samu bak, tsohon kirik ɗin Kawu ya fara sauka da kansa. Ka buga shi mota ta tashi, kafin ka kwance noti biyu ta koma rabi. Wata safiya Kawu ya ƙirgo kuɗi, abin da motar kan yi kwana uku kafin ta tara, ya miƙo mini.

"Ungo. Kai da ka yi lakwal, tahi ka zaɓo muna kirik. Amma ka sani, kai za ka riƙa durƙusawa kusa da shi, ba ni ba."

Dariya ya yi da ya faɗa, ni ban yi ba, don duk mu biyun mun san abin da muka gani a hutun da ya wuce.

Wata ranar kasuwa ce da la'asar sakaliya, muna dawowa ta wata hanyar rairayi, sai muka hango mutane tsakiyar hanya suna ɗaga hannu. Motar a-kori-kura ce, maƙil da buhunan wake, ta karkata gefe ɗaya. Tayar baya ce ta fashe musu. Direban ya fito da ƙaramin kirik irin na ƙananan motoci, ya dasa shi bisa rairayi tsirara. Ba a sauke buhu ko ɗaya ba, don fasinjoji na ta faɗin dare zai yi. An cire tayar, yaron motar ya zura hannu zai gyara wani dutse da suka tokara, sai rairayin ya buɗe, kirik ya kwanta, ƙarfen da ake ɗaura taya a kai ya sauko bisa hannunsa. Mun iske maza sun fi goma suna cicciɓar mota ta ƙi motsi. Sai da Kawu ya shimfiɗa katakonmu ya ɗora namu kirik, wasu na jefo buhuna ƙasa, sannan aka zaro shi. A motarmu muka kai shi likita. Yaron sa'ana ne, shekara goma sha shida ko sha bakwai. Bai yi kuka ba, sai dai kallon hannun yake yi kamar na wani. Daga baya na sake ganinsa a tasha yana kiran fasinja, yatsu biyu babu, sauran ba sa rufuwa.

A wurin kowa cewa yake tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Kawu bai yi musu da kowa ba. Sai da muka ɗauki hanya, bayan dogon shiru, ya ce da ni: "Tsautsayi gaskiya na. Amma ka ga katako wurin nan?" Na ce ban gani ba. Bai ƙara komai ba.

Saboda haka da kuɗin nan suka shiga aljihuna ban nufi kasuwa kai tsaye ba. Tambayoyi uku na fara yi wa motar kanta, kuma su nake so in bar muku, don da yawa cikinmu na neman farmi yanzu. Wani zai tuƙa motar gidansu, wani ta wurin aiki, wata ƴar uwa ta sayi tata in ta fara ɗaukar albashi.

Tambaya ta farko nauyi. Kowane kirik na ƙwarai an rubuta masa iyakar abin da zai ɗauka: kilo 800, tan 1, tan 2, tan 5, har sama da tan 20 na manyan kamiyo. Kirik ba ya ɗaga mota gaba ɗaya, kusurwa ɗaya yake ɗagawa, shi ya sa wasu ke raba nauyin mota gida huɗu su ce shi ke nan. Wannan lissafin na motar da ke tsaye babu kowa ciki ne, bisa daɓen siminti. Ƙa'idar da masu sana'ar suka fi bi ita ce kirik ya iya ɗaukar kashi uku cikin huɗu na nauyin motar duka. Kuma wane nauyi? A takardar mota akwai adadin da ake kira PTAC, wato iyakar nauyinta da kayanta yadda masu ƙera ta suka yarda. Mu dai mun san yadda motocinmu ke tashi daga kasuwa. Na zauna da biro na yi namu lissafin. Hiace babu kowa ciki ta kusa tan 2. Mutum 19, ko da kilo 60 ka ba kowa, kilo 1,140 ke nan. Buhun hatsi mai tiya 40 kilo 100 ne, a ɗora takwas bisa, ga kilo 800. An doshi tan 4, ban sa tumaki da jarkokin mai ba, kuma mafi yawan nauyin a tayoyin baya yake zaune. Kashi uku cikin huɗu na wannan tan 3 ne. Na ce to, ƙasa da tan 3 ba zan ko duba ba, in na samu mai tan 5 ya fi mini kwanciyar rai. Ba wai ina wanke lodin da ya wuce kima ba ne, shi ne ma ke fasa tayar tun farko. Amma mai sayen kirik da motar da ke gabansa zai yi lissafi.

Tambaya ta biyu tsawo, kuma a nan ne mutane da yawa ke zubar da kuɗinsu. Kirik na da tsawo biyu: tsawonsa in yana zaune, da iyakar inda yake kaiwa in an buga shi. Na farkon dole ya shiga ƙarƙashin mota lokacin da taya ta kwanta, ba lokacin da take cike da iska ba. Dubi rubutun da ke gefen taya, misali 195/65 R15. Faɗinta milimita 195, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na wannan faɗin, wato kusan santimita 13. In iska ta fita, kusan duk wannan tsayin mota za ta sauka da shi. Kirik da ya shiga lafiya lau a bakin shago yana iya ƙin shiga a daji. Na biyun kuma dole ya kai inda cikakkiyar taya za ta shiga, don wadda za ka sa ta fi wadda ka cire tsayi. Sau nawa muka iske mutane sun cire tsohuwa, sabuwa ta ƙi shiga, suna ta tonon rami da hannu ƙarƙashinta! In a jikin mota ka dasa kirik, sai jikin ya tashi da nisa kafin taya ta bar ƙasa, don sifirin na sakin jiki yana biyo ta. In kuwa ƙarƙashin ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya ka dasa, kamar yadda ake yi wa Hiace da Hilux, da ɗagawa kaɗan taya ta tashi.

Abin da na yi mai sauƙi ne. A ƙofar gida na sace iskar tayar baya ɗaya, na sami karan dawa na auna daga ƙasa zuwa inda kirik ke kamawa, na karya shi daidai nan. Na auna kara na biyu, tsawon da ake buƙata kafin cikakkiyar taya ta shiga. Inna na kallona daga zaure tana tambaya ko abin da ake koya mana a lise ke nan, sace iskar tayar mutane. Da karan nan biyu na tafi kasuwa.

Tambaya ta uku ita ce babba, kuma ba mai shagon da zai yi maka ita: bisa me kirik ɗin zai tsaya? Yawancin motocinmu sun gama rayuwarsu ta farko a Turai kafin su sauka a Kwatano ko Lome. Kirik ɗin da ke zuwa cikinsu, in ma ya iso tare da su, an yi shi ne don ƙasar da gefen hanyarta ma kwalta ne. Mu kuwa taku biyu daga bakin kwalta rairayi ne, da damina laka. Ku tuna darasin fizik: ƙarfi raba faɗin wuri. Gindin kirik mai santimita 10 kowane gefe, faɗinsa 100 ke nan. Ɗora masa tan 1, kowane ɗan murabba'in santimita na ɗauke da kilo 10. Ba rairayin da zai riƙe wannan. Shimfiɗa katako mai santimita 30 kowane gefe, faɗi ya zama 900, nauyin da ke kan kowane murabba'i ya ragu sau tara. Ba sai mun je wurin Bature ya nuna mana ba. Raƙumi ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba, amma a kan tudun rairayi jaki ne ke nutsewa, don ƙafar raƙumi faifai ce, ta jaki kuwa tsini. Kirik jaki ne, katako ke mai da shi raƙumi. Sai dai katakon ya zama mai kauri, kamar yatsu biyu ko uku, na icce mai tauri, ba ɓallin kwali ko murfin akwati ba. Bulon siminti kada ma a fara, yakan dare farat ɗaya ba gargaɗi. Kuma kaurin katakon na cin wani abu daga tsawon karanka na farko, sai ka sa shi cikin lissafi.

Da waɗannan tambayoyin uku a kai, iri-irin kirik da ke kasuwa sai su rarrabu da kansu.

Akwai mai almakashi, wanda ake murɗawa da hannu yana buɗewa. Shi ke zuwa da Starlet da Corolla da ƴan uwansu. Ba shi da nauyi, yana kwanciya ƙasa sosai ya shiga ko'ina, kuma da yake zaren ƙarfe ne ke riƙe shi, ba ya sauka da kansa. Yawancinsu tan 1 ne ko ɗaya da rabi, wasu ma ba su kai ba. Ga ƙaramar mota ya isa, in an dasa shi inda aka tanadar masa: ku duba ƙarƙashin ƙofa kusa da kowace taya, akwai ƴar tsaga ko alama a bakin ƙarfen. Rauninsa gindi siriri da saurin karkata, sannan in rairayi ya shiga zaren yakan ci shi a hankali har ranar da zai zame. Ƴan uwa mata da ke tuƙi, wannan ba ya buƙatar ƙarfin ƙato. Abin da ke gagarar mutum noti ne, maganinsa kuwa kile mai dogon hannu, ko guntun bututun ƙarfe da za a zura a ƙara masa tsawo.

Akwai mai kwalba, wanda ke aiki da mai. Wannan kam mushen fizik ɗinmu ya zana mana shi a allo ba mu san shi ba ne. Dokar Blaise Pascal ce, Bafaranshen nan da ya mutu a 1662: in ka matsa ruwa a rufaffen wuri, matsin na isa ko'ina daidai. Kana danna ƙaramin fisto da sanda, mai na tura babba. In babban ya fi ƙaramin faɗi sau ashirin, ƙarfinka ya ninku sau ashirin, ban da abin da tsawon sandar ya ƙara. Wani Baturen Ingila, Joseph Bramah, ya yi injin matsa kaya da wannan dabara a 1795, a 1851 kuma Richard Dudgeon ya fito da kirik mai mai da ake iya ɗauka a hannu a Amurka. Shi ya sa yaro ɗan shekara goma sha biyu ke iya ɗaga kamiyo da hannu ɗaya. Amma ku juya maganar ku gani. Abin da ke riƙe da motar a sama ɗan mai ne da bai cika kofin shayi biyu ba, da zoben roba, da ƴar ƙwallon ƙarfe mai toshe hanya. In ɗaya ya gaji, mota ta sauko. Mai kwalba na da ƙarfi, ba ya cin wuri, amma dogo ne a zaune, kansa kuma ƙarami, in ka dasa shi a jikin ƙaramar mota mai tsatsa sai ya huda ta.

Akwai kuma mai kama da kwalba amma na murɗawa, ba mai a cikinsa, irin wanda ke zuwa da Hilux da Land Cruiser. Gajere ne a zaune, yana miƙewa hawa-hawa. Wanda ya samu na asali ya riƙe shi da kyau.

Mai tayoyi irin na garaji yana da daɗin aiki, amma a garaji. Yayin da yake ɗagawa dole tayoyinsa su gangara gaba kaɗan-kaɗan. A rairayi ba sa gangarawa, sai kansa ya zame daga inda ya kama. Ga nauyi ga cin wuri. Dogon nan kuma mai kama da tsani da ake gani ɗaure a motocin da ke bin hanyar Tanut da Agadas, na masu shiga Sahara ne, yana son mota mai bamba na ƙarfe da hannun da ya saba, don sandarsa in ta kuɓuce tana iya karya haɓa.

Ga motar Kawu, mai kwalba ne ko babu. Na zaga shago uku. A na farko sabbi ne cikin kwali, ja wur, an rubuta lamba manya-manya. Na ɗaga ɗaya da aka rubuta wa tan 5, na ji shi sakayau a hannu, walda a gindinsa kamar kashin kaji. Fenti ba ya ɗaukar mota. A na uku, wurin wani dattijo mai kayan mota na hannu, na tsaya. Ya jawo mini wani ƙato.

"Ɗauki wanga, ɗan samari, tan goma na. Ko kamiyo shina ɗagawa."

Na jingina karana a jikinsa, ya fi karan da kusan yatsu huɗu. Na ce, "Baba, ƙarfi kam akwai, amma ba shi shiga." Ya dubi karan, ya dube ni, ya ce shekara nawa yana sana'ar nan bai taɓa ganin wanda ya zo sayen kirik da karan dawa ba. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da wani gajere mai wuya biyu, tan 5, fentinsa duk ya koɗe, amma lambar a jikin ƙarfe aka buga ta. Na goge shi na duba ko mai na tsattsafowa ta wuya ko ta gindi. Na buga shi har ƙarshe, wuyan ya fito sumul yana ƙyalli, ba tsatsa ba ƙarzuwa, sandar kuma na kamawa tun bugun farko, ba ta yin laushi kamar ana danna soso. Ya wuce karana na biyu. Na kwance ƴar kusar saukewa a hankali, ya sauka a hankali.

Saura gwaji na gaske. Na roƙi a bar ni in sa shi ƙarƙashin wata mota mai kaya da ke tsaye nan gaba. Dattijon ya ɗan ɓata rai, ya ce ko ina zarginsa ne. Na ce, "Wane ni, Baba. Kuɗin ba nawa ba ne, hannun kuwa nawa ne." Sai ya yi dariya ya ce a kira direban. Muka ɗaga, na yi alama da alli a wuyan, muka zauna ya sa aka kawo shayi. Bayan minti goma sha biyar alamar na nan inda take. Na biya. Da canjin da ya rage na biya ta wurin kafinta, ya yanko mini katako biyu daga ragowar aikinsa, ɗaya mai faɗi na gindin kirik, ɗaya dogo. Dogon amfaninsa shi ne, in mota ta kwanta ƙasa da yawa, sai a hau da tayar da ta mutu bisansa a samu wurin zura kirik. Kafintan ma ƙin karɓar kuɗin na biyun ya yi.

Kawu ya jujjuya kirik ɗin, ya ce tsoho ne. Na ce da tsohuwar zuma ake magani. Ya ce in bar masa karin magana in je in hura tayar da na sace.

Kirik mai kyau ma yana son kulawa. Mai kwalba a tsaye ake ajiye shi, a naɗe cikin tsumma ko buhu saboda ƙurar hunturu. In mansa ya ragu, man da aka yi domin irinsa ake ƙarawa. Na sha ganin ana zuba man birki don shi ne a kusa, shi kuwa cinye robar ciki yake yi. Mai almakashi a goge zarensa a shafa masa giris. Kuma a riƙa fito da shi ana gwadawa a gida lokaci-lokaci, tare da duba iskar tayar ajiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In abin ya faru a hanya, tsarin ba shi da tsawo. A janye daga kan kwalta zuwa wuri mai tauri da ba gangare, ko da za a ja tayar da ta mutu ƴan mitoci. A ja birkin hannu, a sa giya, a kashe mota. A sa alama nesa gaba da baya, alwatika in akwai, in babu rassan icce kamar yadda aka saba, a kuma kwashe su in an gama. Kowa ya sauka, kaya masu nauyi ma a sauke. A sa weji ko dutse a tayar da ke ɗaya kusurwar. A fito da tayar ajiya tun mota na ƙasa, musamman in a ƙarƙashin mota take rataye. A sassauta noti kafin a ɗaga, don girgizar kwance su ce ke kayar da kirik. A share rairayin sama har a iske ƙasa mai ƙarfi, a shimfiɗa katako, a dasa kirik a miƙe. Tayar da aka cire a tura ta kwance ƙarƙashin mota, in wani abu ya faru ita za ta tare. Noti a ɗaure su ɗaya nan ɗaya can, ba bi da bi ba, a ƙarasa matse su bayan mota ta sauka. Kuma duk abin da ya faɗa ƙarƙashin motar da ke bisa kirik, ko noti ne ko waya, da sanda ake jawo shi.

Na san mafi yawanmu ba mu da mota, wataƙila ba za mu yi ba nan kusa. Amma a ranar da na ba ku labari, direba kaɗai bai kayar da motar nan ba. Akwai bakin fasinjoji a ciki. Ni da na yi shekaru a ƙofar mota, zan faɗa ba don cin fuska ba: ɗalibai na cikin fasinjojin da suka fi gaggawa. Mu ne masu cewa gobe muna da jarrabawa, mu ne masu ƙin sauka don kada wani ya gaje wurin taga, mu ne masu tsayawa gefe muna neman rezo muna tsaki, yaron mota na durƙushe cikin ƙura kowa na yi masa tsawa. Shi kuma ba ya iya cewa a'a, ga maigidansa ga mutum goma sha tara a kansa. Sa'anmu ne, wani ma ajinmu ɗaya a firamare kafin hanya ta raba.

To in Allah ya sa taya ta fashe da ku a hutun nan, tsakanin Dogon Dutsi da Kwanni ne, ko hanyar Tawa, ko bayan Tasawa, ku riga kowa sauka. Ku kama a sauke buhuna. Ku nemo dutsen weji. Ku dubi abin da kirik yake tsaye a kai, in rairayi ne tsirara ku ce a dakata a nemo katako, ko da direba zai harare ku. In kuka ga yaron zai zura hannu ko kai ƙarƙashi, ku riƙe masa riga. Jarrabawar za ta jira minti ashirin.